Kama da Wane Ba Ta Wane: Musulmi a Gidan Abincin Andalus da Magrib

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta mana daɗaɗan abubuwa, Ya tsare mu daga munana. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Matashiya

Da yawa daga cikinmu ba mu san ƙasar Sifaniya ba sai ta hanyar ƙwallon ƙafa. Amma tafiye-tafiye sun yawaita, karatu da fatauci da tarurruka suna kai yaranmu Madrid da Barsalona da Garnaɗa, da kuma Landan da Faris, inda ake samun gidajen cin abinci masu haɗa girkin Sifaniya da na Arewacin Afirka a tukunya ɗaya. Irin waɗannan wurare suna da farin jini wajen Musulmi baƙo. Ya gaji da burodi da ƙwai a ɗakinsa, sai ya hango ƙofa mai bakan gizo irin ta masallaci, ya ga suna na Larabci a allo, ya jiyo ƙamshin kirfa da na'a-na'a, sai zuciyarsa ta ce masa: ka iso gida.

Abin da nake son faɗa a wannan rubutu guda ɗaya ne. Shiga irin wannan wuri halal ne, har ma akwai ilimi da ibra a cikinsa, amma da sharaɗin mutum ya buɗe baki ya yi tambaya kafin ya buɗe shi ya sa loma. Domin a wannan girki musamman, sunan abinci na iya zama na Musulmi alhali naman da ke ciki na alade ne. Kuma tambayar nan da matashinmu yake jin nauyin yi, ita ce Musulmin waccan ƙasa suka shafe fiye da shekara 100 ba su da ikon yi, har wasu suka rasa rayukansu a kanta.

Yadda wurin yake

Mutanen Sifaniya ba sa cin abinci da wuri. Na rana sai ƙarfe 2 ko 3, na dare kuwa sai 9 ko 10. Ba sa ci cikin shiru, kuma ba sa tashi da an gama. Suna da al'adar zama a ci gaba da hira bayan an kwashe kwanuka, har sun ba ta suna, sobremesa. Don haka duk wanda ya shiga irin wannan gida da dare zai tarar da hayaniya kamar ta gidan biki: ana dariya, ana kiɗa, masu kawo abinci suna ta kai da komo da ƙananan faranta da ake kira tapas, kowa na ɗiba daga na tsakiya. A birnin Garnaɗa har yau al'ada ce in ka sayi abin sha, ko da lemo ne, a haɗo maka da ɗan farantin tapas kyauta, kuma galibi ba kai ke zaɓar abin da ke ciki ba. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A ɓangaren Magrib kuma za a kawo maka ɗajin, wato naman da aka dafa a hankali cikin kaskon ƙasa mai murfi kamar malafa, da zaitun da lemon tsamin da aka jiƙa a gishiri. Ga kuskus, wanda ake turarawa kamar yadda iyayenmu mata ke turara dambu a madambaci. Ga harira, miyar da mutanen Maroko ke buɗa baki da ita a watan azumi. Ga basɗila, wadda ake naɗe naman tantabara ko na kaza cikin ɓawon fulawa mai laushi, a barbaɗa mata sukari da kirfa. A ƙarshe a tsiyayo shayin na'a-na'a daga sama har ya yi kumfa. Wanda ya ce babu daɗi a nan bai faɗi gaskiya ba, kuma addininmu bai ɗora mana ƙaryata ni'ima ba.

Me ya haɗa tukwanen biyu?

Tsakanin Maroko da Sifaniya, a inda teku ya fi ƙunci, bai wuce kilomita 14 ba. Ta nan Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetara a shekarar 711, dutsen da ke wurin yana ɗauke da sunansa har yau. Daga wannan shekara zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492, kusan ƙarni 8 ke nan akwai daular Musulunci a wani yanki na ƙasar da Larabawa suka kira Andalus.

A tsawon wannan zamani manoman Musulmi suka yaɗa noman shinkafa da rake da yalo da lemo da za'afaran, suka faɗaɗa hanyoyin ban ruwa. Shaidar haka tana nan a bakin mutanen ƙasar. Shinkafa arroz ce, daga ar-ruzz. Sukari azúcar ne, daga as-sukkar, tushe ɗaya da tamu kalmar. Man girki aceite ne, daga az-zait, 'ya'yan zaitun kuma aceituna. Za'afaran azafrán ne. Lambatun ban ruwa acequia ce, daga as-saƙiya. Masana harshe suna ƙiyasta kalmomin Sifaniyanci masu asalin Larabci da kusan 4,000. Masu tarihi kuma suna jingina wa Ziryab, wanda ya zo Ƙurɗuba daga Bagadaza a 822, tsarin gabatar da abinci daki-daki, a fara da miya, a bi da nama, a rufe da kayan zaƙi. A ƙarni na 13 wani malami ɗan Mursiya, Ibn Razin at-Tujibi, ya wallafa littafi sukutum a kan girki mai suna Fadalatul Khiwan, kuma kuskus na daga cikin abin da ya bayyana yadda ake yi.

Mutane ma sun yi ta ƙetarawa zuwa kudu da tukwanensu. Bayan tawayen wata unguwa a Ƙurɗuba a 818, waɗanda aka kora suka zauna a Fas, sashen da suka zauna ana kiransa da sunan Andalusawa har gobe. Mutanen Garnaɗa ne suka sake gina Tiɗwan a ƙarshen ƙarni na 15. Wasu suka sauka a Rabat da Tilimsan da Tunis da Tastur. Saboda haka mai gidan abincin da ya haɗa girkin biyu bai yi ƙage ba, dangi ya sada.

Mu ma muna da rabo a wannan zumunci, ko da yake namu ta hanyar littafi ya zo. Muwaɗɗar Imamu Malik da ake karantawa a zaurukanmu ruwayar Yahya bin Yahya al-Laisi ce, malamin Ƙurɗuba. Mai Alfiyya, Ibn Malik, haifaffen Jayyan ne. Mai Tuhfatul Hukkam, wadda alƙalanmu suka daɗe suna dogaro da ita, Ibn Asim ne na Garnaɗa. Mai Ishiriniya, Alfazazi, mutumin Andalus ne. Ga Tafsirin Ƙurɗubi, sunansa kaɗai ya isa. Ɗalibin ilimi da ya ji ƙaunar wannan ƙasa a ransa bai yi laifi ba. Sai dai ƙauna kan rufe ido, kuma a nan haɗarin yake.

Suna ya tsaya, nama ya canza

Sifaniyar yau ita ce kan gaba wajen samar da naman alade a duk Tarayyar Turai, kuma tana cikin ƙasashe uku da suka fi kowa yin giyar inabi a duniya, tare da Italiya da Faransa. Waɗannan abubuwa biyu sun shiga girkin ƙasar kamar yadda daddawa ta shiga miyar kuka: ko ba ka gan su ba, suna iya kasancewa a ciki.

Dubi abincin da ake kira pincho moruno. Ma'anar sunan ita ce tsire irin na moro, kuma moro shi ne sunan da suke kiran Musulmin Arewacin Afirka da shi. Kayan yajinsa na Magrib ne, kamanninsa na tsirenmu ne, amma a mafi yawan gidajen abinci na ƙasar da naman alade ake yin sa. Dubi albóndigas, dunƙulen niƙaƙƙen nama. Sunan daga al-bunduƙa yake, amma sau da yawa naman sa ne aka gauraya da na alade. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke nufi da kama da wane ba ta wane.

Akwai kalmomin da ya kamata kowane matafiyi ya haddace kamar yadda ya haddace lambar wayarsa. Cerdo shi ne alade. Jamón ita ce busasshiyar cinyarsa, wadda za ka gani a rataye a rufin shaguna. Chorizo da tocino da panceta duk daga gare shi suke. Manteca kitsensa ne, kuma da shi ake yin wasu kayan zaƙi, irin su mantecados da polvorones. Morcilla da jini ake yin ta, haramcinta ninki biyu ke nan. Vino da jerez da sangría giya ce. Mafi ɓoyuwa shi ne romo, caldo, domin ana yawan dafa shi da ƙashin jamón, sannan a zuba shi cikin wake ko shinkafa ko miyar ganye, abincin ya fito babu ko tsoka ɗaya da ido zai gani. Ka kuma sani cewa da yawa daga mutanen ƙasar in ka ce ba ka cin nama, ba sa lissafa ɗan barbaɗen jamón a cikin nama. Sai ka ambaci alade da sunansa. Farantin kyauta na Garnaɗa da muka ambata a baya, a nan yake kama mutum: ya iso ba ka nema ba, yunwa na cin ka, abokai sun riga sun sa hannu.

Kada kuma a ɗauka ɓangaren Magrib ya kuɓuta don sunansa kawai. Ana yin giya a Maroko, a yankin Miknas musamman, kuma gidajen abincin Magrib da yawa a Turai suna sayar da ita. Wani gidan na Musulmi ne mai tsoron Allah, wani na Musulmi ne mai sakaci, wani kuma na Bature ne da ya ƙaunaci girkin, ya sayi fitilu da dardumai daga Marrakish, yana sayen namansa a inda kowa ke saye. Fitila ba ta yanka rago.

Lokacin da loma ta zama shaida

Mai karatu, bari mu koma baya kaɗan, domin a nan ne nauyin maganar yake. A watan Nuwamba na 1491 aka ƙulla yarjejeniyar miƙa Garnaɗa, wadda ta lamunce wa Musulmi addininsu da masallatansu da alƙalansu. Ranar 2 ga Janairu 1492 sarki Abu Abdullahi ya miƙa birnin ga Fadinan da Isabela. Ba a cika shekara 10 ba aka warware alkawari. A 1499 babban limamin cocin Ɗulaiɗila, Sisneros, ya fara tilasta wa mutane shiga Kiristanci, aka ƙona littattafan Larabci a dandalin birnin. A 1502 aka ba Musulmin masarautar Kastila zaɓi biyu, baftisma ko barin ƙasa, a 1526 kuma hukuncin ya game masarautar Aragon. Waɗanda suka zauna su ne tarihi ya sani da Moriskawa: Kiristoci a takarda, da yawansu Musulmi a zuci.

To, ta yaya kotun binciken aƙida za ta gane abin da ke cikin zuciya? Ɗaya daga manyan hanyoyinta ita ce ta dubi abin da ke cikin akushi. Maƙwabci yana iya kai ƙarar maƙwabcinsa don ya ƙi cin naman alade, ko ya ƙi shan giya, ko an lura ba ya cin komai da rana a watan Ramadan, ko yana girki da man zaitun yana ƙyamar kitse, ko an ga iyalinsa zaune a ƙasa suna cin kuskus da hannu. An hana su yanka irin na Musulunci. Dokar sarki Filib na Biyu ta 1567 ta haramta harshen Larabci da tufafinsu da gidajen wankansu, ta wajabta musu barin ƙofofinsu a buɗe ranar Juma'a don a ga abin da suke yi.

Tsananin ya kai har a 1504 wani malamin Malikiyya ɗan asalin Wahran, Ahmad bin Abi Jumu'a, ya aika musu da fatawa bisa hukuncin wanda aka tilasta. Ya ba su izinin yin salla da nuni, ya kuma ce in an matsa musu su sha giya ko su ci alade, su yi, matuƙar zukatansu na ƙin abin, suna ƙudurce da haramcinsa. Ka auna halin da zai sa malami ya rubuta wa al'umma guda irin wannan takarda. Duk da haka ba a bar su ba. Tsakanin 1609 da 1614, a zamanin Filib na Uku, aka kori kimanin mutum 300,000 daga ƙasar kakanninsu.

Yau al'amarin ya juya. A 1992 gwamnatin Sifaniya ta sa hannu a kan yarjejeniya da hukumar Musulmin ƙasar, wadda a cikinta aka amince da kalmar halal a dokance. A Ƙurɗuba akwai cibiyar da ke ba da shaidar halal ga masana'antu da gidajen abinci. A 2003 aka buɗe babban masallaci a unguwar Albaisin ta Garnaɗa, yana fuskantar fadar Alhamra, kuma a gangaren unguwar akwai layi guda na shagunan shayi da abincin Magrib. Musulmin ƙasar sun haura miliyan 2 bisa ƙididdigar ƙungiyoyinsu. Babu wanda zai kai ka kotu don ka ce ba ka cin alade. Iyakar abin da za ka biya shi ne ɗan nauyin baki na daƙiƙa 10 a gaban abokai. Su sun haɗiyi haram da hawaye saboda takobi na wuyansu, Allah Ya karɓi uzurinsu. Kai da ka haɗiye shi don kada a ce maka baƙauye, wane uzuri za ka gabatar?

Abubuwa huɗu da za a duba

Na farko nama ne. Haramcin mushe da jini da alade a bayyane yake a aya ta 173 ta Suratul Baƙara da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida. Aya ta 5 ta Ma'ida kuma ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, malamai suka ce yankansu ake nufi. Saɓanin yana kan wanda ba su yanka ta hanyar da shari'a ta sani ba. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, mutumin Ishbiliya, ya sassauta ƙwarai a littafinsa Ahkamul Ƙur'an, amma jamhurin malamai ba su bi shi a kan haka ba. A Turai doka ta wajabta sumar da dabba kafin yanka, in ban da inda aka keɓe yankan addini, kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta shar'anta kada dabbar ta mutu kafin wuƙa ta hau wuyanta. Baƙon da ke zaune a teburi ba shi da hanyar tabbatar da wannan. Abin da nake ganin ya fi dacewa shi ne, inda akwai shaidar halal, ko mai gida Musulmi ya ba ka tabbaci, ka ci da Bismillah. Inda babu, ka koma ga teku, domin a mazhabar Malik duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, kuma Sifaniya ƙasar kifi ce da jatan lande. Ga wainar ƙwai da dankali, ga soyayyen yalo da zumar rake, ga miyar tumatir mai sanyi. Mai nema ba ya kwana da yunwa.

Na biyu giya ce a cikin girki. Mutane sukan ce wuta na kore ta. Binciken da aka gudanar don ma'aikatar noma ta Amurka ya nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa kimanin kashi 40 cikin 100 na barasar na nan, bayan awa 1 kashi 25, bayan awa 2 da rabi ma akwai saura kashi 5. Miyar da aka zuba wa giya da gangan a bar ta. Ruwan khal hukuncinsa daban ne, ko da asalinsa daga giya ne, domin ya riga ya rikiɗa, kuma Malikiyya suna ganin tsarkinsa. Kada wasiwasi ya hana ka cin ganye saboda shi.

Na uku teburi ne. Tirmizi ya ruwaito hadisi daga Jabir wanda ke hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Inda akwai gidan da ba a sayar da ita sam, shi ne abin zaɓa, kuma kuɗinka zai ƙarfafa ɗan'uwan da ya haƙura da riba mai yawa don Allah. Inda babu, ka nisanci wurin da ake zuba ta, ka tsarkake naka teburin. In abokan karatu ko na aiki ne suka gayyace ka, ka faɗa musu tun kafin ranar, cikin fara'a, ko ka riga su zaɓar wuri, ko ka mayar da haɗuwar ta shan shayi. Haka kuma wasu gidajen suna kawo mata masu rawa rabin tsirara a wasu darare. A tambaya tun a waya, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na huɗu salla ce. A ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Garnaɗa sai wajen ƙarfe 9 da rabi na dare, daidai lokacin da ake zama cin abinci, kuma lokacin Magariba gajere ne. Wanda ya zauna bai yi shiri ba, hira za ta ɗauke shi har shafaƙi ya ɓace. Ka fita da alwala, ka san inda za ka yi salla kafin ka san abin da za ka ci.

Abin da masu ja za su ce

Wani zai ce wannan ƙuntata wa kai ne, ai an hana yawan tambaya. Zai kawo hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari, inda aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da naman da wasu sababbin Musulmi ke kawowa ba a san ko sun ambaci sunan Allah ba, ya umurce su su ambata su ci. Zai kawo ƙissar Sayyidina Umar a Muwaɗɗa, lokacin da Amru bin Asi ya tambayi mai tafki ko namun daji na sha a ciki, Umar ya hana shi ba da amsa. Duka biyun gaskiya ne, kuma a kansu nake cewa wanda ya je Fas ko Tunis ya tsare mahauci Musulmi da tambayoyi ya yi rashin ladabi. Amma hukunci yana bin abin da ya rinjaya a wuri. Sahabi Abu Sa'alaba al-Khushani ya yi tambaya game da kwanukan Ma'abota Littafi, a ruwayar Abu Dawuda ya bayyana cewa suna dafa alade a tukwanensu suna shan giya a ƙorensu, sai aka umurce shi ya nemi wasu, in bai samu ba ya wanke su kafin ya ci. In an kula da kwano a irin wannan ƙasa, abin da ke cikin kwanon ya fi cancantar a kula da shi.

Wani kuma, ta ɗaya gefen, zai ce a ƙaurace wa wuraren baki ɗaya. Wanda ya zaɓar wa kansa haka don tsantseni, Allah Ya ba shi lada, amma kada ya mayar da zaɓinsa doka a kan jama'a. Aya ta 32 ta Suratul A'araf ta yi inkari ga masu haramta daɗaɗan abubuwan arziƙi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amsa gayyatar Bayahude zuwa ga gurasar sha'ir, an kuma kawo masa cuku a Tabuka ya ambaci sunan Allah ya yanka. Ɗalibin da ya kulle kansa a ɗaki shekara 4, bai taɓa zama da abokan karatunsa a kan abinci ba, ta wace ƙofa za su ga kyawun Musuluncinsa? Ayar da ta gabaci waccan, ta 31, ita ce ta sa iyaka: a ci a sha, kada a yi almubazzaranci. Kuɗin makaranta da iyaye suka tara da gumi ba na ƙona su a dare ɗaya ba ne don a ɗauki hoton faranti a sa a Instagram.

Kammalawa

Tambayar ba ta da tsawo. Lleva cerdo, ana furta ta yeba serdo, wato akwai alade a ciki? Lleva vino, akwai giya? Ka haɗa da murmushi da godiya. Mai kawo abincin ya saba da masu tambaya saboda rashin lafiya da masu ƙin nama don ra'ayi, ba zai ga baƙon abu a taka ba. Sau da yawa ma za ka tarar shi kansa ɗan Ɗanja ne ko Nadur, ya ƙetaro neman halaliyarsa, sai ka ga fuskarsa ta saki, ya nuna maka da yatsa abin da za ka ci da wanda za ka bari. Ka yi masa sallama, ka kyautata masa, ɗan'uwanka ne. Matambayi ba ya ɓata.

Andalus ba ta bukatar kukanmu. Fadojinta sun zama wurin yawon buɗe ido, kalmominta sun zauna a harshen wasu, littattafanta suna zaurukanmu. Abin da ya rage a wuyan matashin da Allah Ya kai shi can, ko Ya zaunar da shi gaban girkinta a wani birni, shi ne ya yi amfani da 'yancin da mutanenta suka rasa, ya ce ni Musulmi ne, ba na cin wannan, a fili, ba tare da fushi ko jin kunya ba. Sannan ya ci abin da ya halatta, ya ji daɗinsa, ya gode wa Allah, ya yi addu'a ga waɗanda suka shuka zaitun da lemon da ke gabansa.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya wadatar da mu da shi ga barin haram, Ya jiƙan Musulmin Andalus, Ya tsare mana imaninmu a gida da daji.